Rawa Cikin Tagulla: Faransa Ta Zuba 'Yar Rawa, Maraɗi Ta Ƙera Mata Munduwa

A wani gidan tarihi na birnin Landan mai suna Wallace Collection akwai faffaɗan allon tagulla mai siffar mata biyar. Sun riƙe hannun juna suna taka rawa, iska na wasa da tufafinsu. A Paris aka zuba shi wajajen 1642, a hannun wani maƙeri mai suna Henri Perlan. Tun daga ƙarni na 16 har zuwa juyin juya halin 1789, sarakuna da attajiran Faransa sun kashe dukiya mai yawa wajen mayar da jikin mace mai motsi ya zama ƙarfe: wata a lambun fada, wata bisa tebur, wata ta ɗaga fitila, wasu sun kewaye agogo.

Mai karatu a Sabon Garin Maraɗi na iya cewa, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu kuwa. Faransa ce ta mulki Nijar har 1960, kuma lakwal ɗinta ta daɗe tana nuna wa yara irin waɗannan ayyuka a matsayin ma'aunin fasaha. Ga shi kuma duk abin da ake bukata don yin irinsu akwai shi a ƙasar Katsina da Gobir tun kaka da kakanni: ga jan ƙarfe, ga maƙera masu zubi, ga kakin zuma, ga rawa iri-iri. Amma ba a san fadar Maraɗi ko ta Tibiri da ajiye mutum-mutumin 'yar rawa ba. Amsoshi biyu aka saba ji. Wasu su ce ba mu iya ba ne. Wasu su ce addini ya hana, magana ta ƙare. Ta farko kuskure ce. Ta biyu gaskiya ce, sai dai ba ta cinye zancen ba. Kafin a yanke hukunci sai an duba yadda ake aikin, da wanda ke biyan kuɗinsa, da abin da yake nema da shi.

Yadda ake zubin

Tagulla haɗi ce. Jan ƙarfe zalla sai zafi ya kai digiri 1085 yake narkewa. In aka gauraya shi da kuza, kamar kashi 10 cikin 100, sai ya ƙara ƙwari, ya kuma narke tun zafin bai kai haka ba. In tutiya aka sa masa, sai ya fito rawaya, irin na tire da butar Bida. Maƙeran Faransa na wancan zamani sukan haɗa duka, har da 'yar dalma, don ruwan ƙarfen ya shiga kowane lungu.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya ga rabin aikin: a danna tukunya cikin damammen yashi, a cire ta, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinta. Sai dai da wuya yashi ya saki siffa mai miƙaƙƙun hannuwa da yatsu da zane mai naɗe-naɗe. Nan ne kakin zuma ke shigowa. Mai aikin zai gina cikin da yumɓu, ya lulluɓe shi da kaki daidai kaurin da ake so ƙarfen ya yi, ya fitar da ido da gashi da kowace lanƙwasa a jikin kakin. Sai a liƙa sandunan kaki waɗanda za su zama hanyoyin shigar ƙarfe da fitar iska. A soka ƙusoshi don cikin ya tsaya wuri ɗaya. A shafe duka da laka mai laushi, a bi ta da mai kauri wadda aka kwaɓa da kashin doki. In ta bushe sai a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. A zuba tagulla, a bari ta huce, a fasa ƙasar. In iska ta maƙale ko ƙarfen ya daskare a hanya, wahalar watanni ta tashi a banza.

Dabarar da ta sa wannan sana'a ta zama kasuwa a Turai ita ce ɗaukar gurbin siffar da filasta, gunduwa-gunduwa, ta yadda za a iya zuba kaki a ciki sau goma ko sau ɗari ba tare da an taɓa ta asali ba. Bayan zubi kuma akwai sauran aiki: a yanke hanyoyin ƙarfe, a toshe ramukan ƙusa, a bi fuskar da ƙananan guduma da kurfi har ta yi santsi, sannan a ba ta launi da hayaƙi ko mai ko ruwan magani. Siffa ɗaya takan bi ta hannun mutum huɗu ko biyar, amma sunan mutum ɗaya ake rubutawa.

Me ya haɗa tagulla da rawa? Nauyi ne. Dutsen marmara yana ɗaukar kaya in an danne shi, amma in aka miƙa shi siriri sai ya karye. Shi ya sa gumakan dutse na Romawa sukan jingina da kututture ko ginshiƙi. Tagulla kuwa cikinta rami ne, ana iya dasa mata sandar ƙarfe, ta tsaya bisa yatsun ƙafa ɗaya shekara ɗari uku. Jean-Antoine Houdon ya nuna wannan da siffar Diana, allahiyar farauta a tatsuniyar Romawa, tana gudu. Ta marmara, wadda ya gama a 1780 kuma take birnin Lisbon yanzu, sai da ya tokare ta da ciyayin dutse. Ta tagulla ta 1790 da ke gidan tarihi na Louvre ba abin da ya tokare ta, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Rawa kuwa ɗaga ƙafa ce da karkata jiki. Duk mai son ya kama ta, tagulla zai nema.

Fada, rawa da igwa

Sana'ar ta zauna a Faransa ne saboda kwaɗayin sarki. Faransuwa na 1 ya ga abin da Italiya ke da shi, ya so irinsa. A 1540 ya aika mai zane Primaticcio zuwa Roma ya ɗauko gurbin shahararrun gumakan da, aka zuba su da tagulla a fadar Fontainebleau. A wannan lokacin ne Benvenuto Cellini, maƙerin zinariya na Florence, ya zauna a Faransa ya zuba wa sarki babbar siffar mace kwance kusa da barewa. Bayan shekara ashirin, a 1561, sarauniya Catherine de Médicis ta sa Germain Pilon ya sassaƙa mata uku da marmara, sun juya wa juna baya suna zagaye kamar masu rawa, sun ɗauko tukunyar da aka sa zuciyar mijinta Sarki Henri na 2. A cikin coci aka ajiye su. Daga baya Barthélemy Prieur, mai sassaƙan Sarki Henri na 4, wanda ya rasu a 1611, ya yi suna da ƙananan siffofin tagulla na riƙewa a hannu, har ana danganta masa na mace mai kitso da mai tatsar saniya.

Allon mata biyar na Perlan kwafi ne na wani aikin marmara na Romawa, na ƙarni na 2, wanda ke gidan Borghese a Roma kafin Napoleon ya saye kayan gidan a 1807. Wannan ya nuna inda idon Faransawa yake. Ba rawar ƙauyukansu suke kallo ba, rawar mutanen da suka mutu shekara 1500 kafin su suke kallo, domin sarkinsu na son a ce shi ne magajin Roma.

Luwi na 14 ya kai abin ƙarshe. Shi kansa ɗan rawa ne: yana da shekara 14, a 1653, ya fito a wani wasan fada cikin shigar rana, sunan da ya bi shi har kabari. A 1661 ya kafa makarantar rawa ta sarki, shekara 13 bayan kafa ta masu zane da sassaƙa a 1648. A fadarsa, yadda mutum ke taka rawa na iya ɗaga shi ko ya kayar da shi. Da ya zo ƙawata lambun Versailles a shekarun 1680, waɗanda ya ba aikin zubi su ne 'yan'uwa biyu 'yan gidan Keller, mutanen Zurich, waɗanda asalin sana'arsu zubin igwa ne. Tanderun da ke fitar da bindigar yaƙi shi ke fitar da 'yan matan bakin tafki. A ƙarshen 1692 Balthazar Keller ya zuba siffar sarkin bisa doki, mai tsayin kusan mita 7, a zubi ɗaya. Kowane jakada da ya gani ya fahimci saƙon: mai wannan tanderu yana da ƙarfe da maƙera da kuɗin da zai yaƙe ka.

A ƙarni na 18 sai abin ya sauko daga fada zuwa gidajen masu kuɗi, ya kuma ƙanƙance. Clodion, wanda ya rayu daga 1738 zuwa 1814, ya shahara da 'yan mata masu rawa da ganguna da inabi, galibi da gasasshen yumɓu ya yi su, kuma da yawa daga na tagulla masu ɗauke da sunansa bayan mutuwarsa aka zuba su. Masu ƙera agogo da mazaunin kyandir suka ɗauki salon, suna shafe tagulla da ruwan zinariya. Yadda ake shafin shi ne a kwaɓa zinariya da zaiba, a shafa, a gasa har zaibar ta tashi hayaƙi. Hayaƙin nan guba ne, ya sa wa masu aikin karkarwa ya gajarta musu kwana. Sheƙin da baƙi ke yabawa a ɗakin attajiri, da lafiyar leburori aka saye shi.

Su wane ne matan?

Tambayar da ba a cika yi ba ke nan. Kusan dukkan matan nan ba su da suna irin na mutane. Aljanun ruwa ne da na daji, ko mabiyan allan giya na tatsuniyar Girkawa. Tatsuniyar ita ce lasisi. Ƙasar Kirista ce, ba za a yarda a ajiye siffar matar wani tsirara ba, amma in aka ce allahiyar Romawa ce, sai ta zama ilimi. Mata na gaske kuwa sai a 1681 suka fara hawa dandamalin gidan wasan Paris a matsayin ƙwararrun 'yan rawa, lokacin da Mademoiselle de Lafontaine ta fito. Kafin nan maza ke sa tufafin mata su yi.

Duk lokacin da siffar ta yi kama da mace ta gaske, sai Faransawa su tashi. A 1869 Jean-Baptiste Carpeaux ya sassaƙa taron mata masu rawa a gaban sabon gidan wasan Paris. Jama'a suka ce batsa ce, a watan Agusta wani ya bi dare ya watsa musu kwalbar tawada. A 1881 Edgar Degas ya nuna siffar kaki ta wata yarinya 'yar shekara 14 mai koyon rawa, Marie van Goethem, 'yar talakawa, sanye da tufafi na gaske. Masu sharhi suka ce mummuna ce. Shekara ɗaya bayan haka aka sallami yarinyar daga gidan wasan. Bayan Degas ya mutu a 1917 magadansa suka sa aka zuba ta da tagulla, kuma a Mayun 2022 aka sayar da ɗaya a New York dalar Amurka miliyan 41.6. Saboda haka gardama kan jikin mace a bainar jama'a ba Maraɗi ta fara ta ba. Mutanen garin na tune da tarzomar Nuwamban 2000 kan bikin nuna tufafi na FIMA, wadda ta taɓa Yamai da Maraɗi. Paris ma ta yi nata rikicin, da nata salon.

Akwai kuma ƙaddarar da ke bin tagulla: ana iya narka ta. A Agustan 1792 majalisar juyin juya hali ta ba da umarni a kayar da gumakan sarakuna a mayar da su igwa. Babban dokin Keller ya faɗi, ƙafar sarkin ɗaya ce ta tsira. Cikin zubin Primaticcio biyar suka rage. A 1941 gwamnatin Faransa ta Vichy ta sake tattara ɗaruruwan gumaka aka narka don yaƙin Jamus. Abin da ake gani yau a gidajen tarihi ragowa ne.

Tagulla a ƙasarmu

Mu dawo gida, mu fara da masu cewa ba mu iya ba. A Marandet, kudu da Agadas, masu binciken ƙasa sun tono dubun-dubatar ƙananan tukwanen narka jan ƙarfe da suka haura shekara 1000, kuma tarihin Gobirawa ya nuna sun zauna ƙasar Azbin kafin su gangaro kudu. A 1353 Ibn Battuta ya sauka Takedda, wadda masana ke dangantawa da kangon Azelik. Ya ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a cikin gidaje, a zuba shi sanduna, sirara da masu kauri, a yi ciniki da su: sirara don nama da itace, masu kauri don hatsi da man shanu. Ya kuma ambaci ƙasashen da ake kai shi, cikinsu har da Borno da wata da ya kira Kubar, wadda galibin masana suka ce Gobir ce. Wato kusan shekara 190 kafin a hura wutar Fontainebleau, jan ƙarfe na shiga ƙasar kakannin mutanen Tibiri.

A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, an buɗe kaburburan manya a 1907, aka sake a farkon shekarun 1990. An sami mundaye da kwanukan tagulla da hauren giwa da wuri da duwatsun ado, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Maƙwabta kuma, waɗanda fatakenmu ke zuwa wurinsu, sun kai zubin kaki matuƙa: Igbo-Ukwu tun ƙarni na 9, kawunan Ife, siffar mutum zaune da aka samu a Tada ta ƙasar Nupe, da allunan fadar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Har gobe maƙeran Agadas da kaki suke zuba gicciyen azurfarsu. Siffar mutum ma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki: akwai ta Nok, akwai kawunan yumɓu da ake kira na Katsina da na Sakkwato, akwai mahayin doki na Bura da Boubé Gado ya tono a yammacin Nijar a 1983. Hannu ya iya, kayan aiki na nan. Zaɓi aka yi.

Ina ƙarfen ya tafi?

Ya tafi jikin mai rawa. Maƙeran fari suka zuba mata mundaye da warwaro da zobba da 'yan kunne, na tagulla da na azurfa. Maƙeran baƙi suka ƙera akayau na ɗaurawa a ƙafa, don takun ya yi amo ya shiga cikin kiɗa. A dandali, inda kalangu ke kiran 'yan mata da sunayensu, ƙarfen na motsi ne tare da mai shi. Rabon sarki kuma ya tafi ga doki da kiɗan sarauta: likkafa, linzami, adon sirdi, kakaki. Da Katsinawa suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajajen 1819, da Gobirawa suka kafa Tibiri ƙarƙashin Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, dukkansu sarakunan gudun hijira ne masu yaƙi kusan kowace rani. Abin da ke nuna ƙarfin irin wannan sarki shi ne yawan dawakin da suka fito bayansa ranar hawa, da abin da maroƙa suka faɗa. Gunki a lambu ba zai yi masa wannan aiki ba.

Bori ma bai bukaci gunki ba, kuma wannan shi ya nuna cewa ba Musulunci kaɗai ne dalili ba. Maraɗi da Tibiri na cikin wuraren da bori ya daɗe yana da gindin zama a fada, ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Gobir, kuma Jacqueline Monfouga-Nicolas ta rubuta littafi guda a kan borin wannan kwari a 1972. A bori, iska ba ta zama cikin ƙarfe ko dutse. Mutum take hawa, shi ya sa ake ce wa mai ita doki ko goɗiya. Goge ko garaya ya kira ta da takenta, ƙwarya ta amsa, a sa wa goɗiyar tufafin wannan iska, Sarkin Rafi ya yi irin tasa haukar, Ɗan Galadima ya yi irin tasa ƙasaitar. Mutanen da ke ganin abin da suka yi imani da shi yana tafiya da ƙafa a gabansu, me za su yi da kwafinsa marar motsi? Su ma Anna masu tsafin gargajiya, itatuwa da duwatsu da wuraren yanka suka fi riƙewa.

Sannan ga hukuncin addini, wanda ya rufe ƙofar. A mazhabar Malikiyya sananne ne cewa siffar abu mai rai, cikakkiya, mai inuwa, haramun ce. An sassauta kan zane a shimfiɗe, an kuma yarda da 'yar tsana ga yara mata. Suratu Saba ta ambaci marmaron narkakken jan ƙarfe da aka hore wa Annabi Sulaimanu da siffofin da aljanu ke yi masa, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa shari'arsa ce ta halatta, tamu ba ta halatta ba. Wannan bai kashe fasahar ƙarfe a ƙasashen Musulmi ba, ya juya mata akala ne zuwa kwano da buta da fitila da rubutu. A Louvre akwai wani babban daro na tagulla mai adon azurfa da zinariya, aikin Muhammad ibn al-Zayn na zamanin Mamluk a ƙarni na 14, wanda sarakunan Faransa suka riƙa yi wa 'ya'yansu wankan baftisma a ciki. Gidan sarautar da ya cika lambu da gumaka, kwanon maƙerin Musulmi ya ɗauka don ranar da ya fi girmamawa.

Bambanci mafi girma yana wurin mallaka. A Paris, namiji mai kuɗi ne ke sayen siffar mace ya ajiye a ɗakinsa don ya kalla. A Maraɗi, mace ce ke da ƙarfen. Munduwarta ajiyarta ce, in fari ya zo ta sayar, in ta tsufa ta ba 'yarta. Jeren tasoshi da kwanuka a ɗakin amarya nunin arzikinta ne da na danginta mata, abin da Barbara Cooper ta yi bayani a littafinta kan aure a Maraɗi. Wannan ba ya nufin rayuwar matan nan ba wahala. Amma a wannan fage dai, ita ce mai nuni, ba abin nuni ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin da ake asara yau

Wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ko kasuwannin masu sana'ar hannu na yankin, zai ga ana sayar da dogayen matan tagulla sirara, wata na rawa, wata ɗauke da tulu. Wagadugu ce cibiyar wannan salo, inda iyalan maƙeran unguwar Niongsin suka gaji zubin kaki. Aiki ne mai kyau, amma baƙo aka yi wa shi, kuma tun da matsalar tsaro ta kori masu yawon buɗe ido daga Sahel kasuwarsa ta yi sanyi. Wannan ma ya ƙara tabbatar da ƙa'idar: siffa tana bin mai saye ne.

Rashin gunkin 'yar rawa ba gibi ba ne a tarihin Maraɗi, kuma ba wanda ke bukatar a cike shi. Asarar da ake yi a wani wuri take. Zaɓin da kakanni suka yi, na barin rawa a jikin mutum da ƙarfe a hannun mai shi, yana da tsada ɗaya: in mutumin ya mutu ba a koya ba, komai ya tafi. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariyar unguwanni ta riƙe wasu raye-rayen ta hanyar gasa tsakanin jihohi. Yau dandali ya koma cikin wayar salula, sarƙar roba da ta gwal ɗin kanti sun kori munduwa, kuma maƙerin da ke iya zubin kaki ya ga cewa gyaran garma da ƙera kayan lambu ga manoman Jiratawa sun fi kawo abinci. Tsofaffin mundaye da tasoshi na fita daga adakar kaka su faɗa sikelin masu sayen tsohon ƙarfe, a biya su da kilo. Faransa ta narka nata don yaƙi, ta dawo tana kashe miliyoyi tana tsintar ragowa. Mu ba yaƙin da ya tilasta mana.

Ana ta maganar dawo da kayan tarihin Afirka daga Turai tun jawabin da shugaban Faransa Macron ya yi a Wagadugu a 2017, har Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kaya 26 a 2021. Haƙƙi ne, a ci gaba da nema. Amma abin da ke hannunmu ba ya bukatar izinin kowa. Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo na da ɗalibai, fadojin Maraɗi da Tibiri na da sarakunan maƙera da na makaɗa, tsofaffin mata na nan da suka san wace munduwa ake sawa a wace rawa. A zauna da su, a ɗauki muryarsu da hoton hannunsu a bakin aiki, a rubuta sunan kowace ƙira da garin da aka yi ta, a saye tsofaffin kayan kafin su kai sikeli, a samar musu ɗaki a Maraɗi inda ɗan lakwal zai shiga ya gani. Nijar ta riga ta sa kiɗan imzad a jerin gadon duniya na UNESCO a 2013, da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu a 2014, don haka ta san hanyar. Kuɗin da wannan aiki zai ci bai taka kara ya karya ba. Lokaci ne ke da tsada, domin waɗanda suka san amsoshin tsofaffi ne.